Awon Hali Wajen Ɗaukar Ma'aikata: Daga Chalawa Zuwa Kadawa

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ya kama hanyar Zariya, kafin ya yi nisa zai ratsa ƙasar Kumbotso, wadda a cikinta unguwar masana'antu ta Chalawa take, da majemunta na zamani da sauran kamfanoni. Da ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura kuwa, sai ƙasa ta sake kama. Ko da tsakiyar rani ne, zai ga gonaki kore shar dama da hagu, ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, ga kuma ruwa yana gudu cikin magudanai.

Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ba inji ke tura shi ba, gangara kawai yake bi, daga babbar hanyar ruwa zuwa rassanta, daga rassa zuwa ƙananan magudanai, har ya isa bakin gona. An tsara kashin farko na aikin domin ya shayar da hekta 22,000 a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. To, a kowace mararraba akwai ƙofa, kowace ƙofa kuma akwai mai buɗe ta da rufe ta. Idan wannan mutum ya makara, ko ya ji kunyar wani babba ya bar masa ruwa fiye da rabonsa, manomin da gonarsa ke can ƙarshen magudana shi ne zai wayi gari ya tarar da tumatirinsa ya yi yaushi, alhali bashin taki yana wuyansa. Da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 domin gyara manyan ayyukan noman rani na Arewa, har da wannan, ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne a miƙa wa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. Wato manoma da kansu za su zaɓi wanda zai riƙe ƙofa da wanda zai riƙe littafin kuɗi.

Manajan kamfani a Chalawa da shugaban ƙungiyar manoma a Bunkure, ko da yake ba su haɗa ofis ba, tambaya ɗaya ce ke damunsu: ta yaya za a san halin mutum tun kafin a damƙa masa amana? Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara ɗari suna ƙera ma'auni domin amsa wannan tambaya. Ma'aunin yana aiki, amma ƙarfinsa bai kai yadda masu sayar da shi ke faɗa ba, kuma yana ƙara rauni idan aka raba shi da harshen da aka ƙera shi a ciki.

Asalin ma'aunin

Yaƙi ne ya haifi awon hali na zamani. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, hukumar soja ta damu da yawan sojojin da ke ruɗewa saboda rugugin igwa, sai aka nemi Robert Woodworth ya tsara hanyar gane masu raunin zuciya tun kafin a tura su fagen fama. Ya shirya tambayoyi 116 waɗanda amsarsu i ce ko a'a. Yaƙin ya ƙare kafin a ci moriyar takardar sosai, amma masu masana'antu suka ɗauki dabarar. A shekarun 1930 wasu kamfanonin Amurka sun yi amfani da irin waɗannan tambayoyi domin tace ma'aikatan da suke zargin za su tayar da ƙungiyar ƙwadago. Tun farkon al'amarin ke nan, ma'aunin bai rabu da muradin wanda ke riƙe da shi ba.

Hanyar da ta fi yin tasiri ta ɓullo ne daga ƙamus. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi babban ƙamusun Ingilishi shafi-shafi, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Hujjarsu ita ce, duk halin da ke da muhimmanci a zaman jama'a, lalle jama'ar sun raɗa masa suna. Raymond Cattell ya tace kalmomin da lissafi, ya fitar da sassa 16 a 1949. A 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, masu yi wa rundunar sojan saman Amurka bincike, suka ga cewa sassan suna dunƙulewa su zama biyar. Su ne ake kira Manyan Halaye Biyar: himma da tsare aiki, sauƙin kai da daɗin zama, sakin jiki cikin jama'a, natsuwar rai, wadda kishiyarta ita ce saurin damuwa, sai son sabon abu da zurfin tunani. Ba a raba mutane gida-gida a wannan tsari. Kowa yana da rabonsa a kowane hali, wani da yawa, wani kaɗan, akasarin mutane kuma suna tsakiya, kamar dai yadda tsawon jiki yake.

Ƙarfinsa nawa ne?

Domin a gane amsar, sai an san abin da masana lissafi ke kira ma'aunin dangantaka. Lamba ce daga 0 zuwa 1. Idan 0 ce, sakamakon gwaji bai faɗi kome ba game da yadda mutum zai yi aiki; idan 1 ce, ya faɗi kome da kome. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike 117 da aka yi a wuraren aiki, suka gano cewa cikin halaye biyar ɗin, himma da tsare aiki ita ce ke da dangantaka da nagartar aiki a kowace irin sana'a, kuma lambar ta tsaya a wajen 0.22. Sakin jiki cikin jama'a ya taimaka a aikin talla da na manaja, amma bai zama dole a sauran ayyuka ba.

Mene ne 0.22 a aikace? A ƙaddara an ɗauki ma'aikata 200, rabi masu maki mai yawa, rabi masu maki kaɗan. Cikin ɗari na farko, kimanin 60 za su fito cikin nagartattu. Cikin ɗari na biyu, kimanin 40. Wannan riba ce ga kamfanin da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane a shekara. Amma ga ƙungiyar da ke neman mutum ɗaya tak ya riƙe ƙofar ruwa, ma'aunin da zai yi kuskure sau huɗu cikin goma ba abin jingina ba ne shi kaɗai. Da Frank Schmidt da John Hunter suka kwatanta hanyoyin zaɓen ma'aikata a 1998, bisa binciken shekara 85, sun sa gwajin aiki na zahiri da tsararriyar ganawa a gaba da awon hali. Tsararriyar ganawa ita ce wadda ake yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, a ba shi maki bisa ƙa'idar da aka rubuta tun kafin ya shigo. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin, suka rage yawancin lambobin, tsararriyar ganawa kuma ta fito a kan gaba da kimanin 0.42.

Akwai kuma matsalar da kowane ɗalibi zai iya hangowa. Idan mai neman aiki ya ga an rubuta cewa yakan gama aikinsa kan lokaci, aka ce ya zaɓi ko ya yarda ko bai yarda ba, wa zai ce bai yarda ba? A ƙasar da a watan Maris na 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa domin jarrabawar shiga aikin shige-da-fice, har turmutsitsi ya ci rayuka, ba a sa ran mai nema ya tona aibinsa da hannunsa.

Gwajin da ya fi kowanne suna a ofisoshi, wato Myers-Briggs, shi ne kuma ya fi shan suka a wurin masana. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ƙirƙiro shi a shekarun 1940 bisa ra'ayin Carl Jung na 1921, kuma yana raba mutane gida 16. Illarsa ita ce yana yanka layi a tsakiya, daidai inda mutane suka fi yawa, ta yadda mutum biyu da maki ɗaya ya raba su za su faɗa gidaje dabam-dabam. An sami binciken da ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka sake gwajin bayan mako biyar sun sauya gida. Kamfanin da ke buga shi ma da kansa ya ce bai dace a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ba. To me ya sa mutane ke jin ya faɗi gaskiyarsu? A 1948 wani malami, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, sa'an nan ya ba kowa takardar bayanin halinsa, ya ce su auna dacewarta daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto jimlolinta. Duk wanda ya taɓa jin yadda ɗan duba ke gaya wa baƙonsa cewa yana da maƙiya a kusa da shi, ya san wannan dabara.

Haɗa ƙungiya

Zaɓen mutum ɗaya dabam, haɗa mutane su yi aiki tare dabam. Meredith Belbin ya shafe shekaru yana lura da ƙungiyoyin manajoji a kwalejin Henley ta Ingila, ya buga sakamakon a 1981. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, ƙungiyoyin da ya cika da masu kaifin basira zalla sau da yawa su ne ke zuwa baya, domin gardama ke cinye lokacinsu, kowa yana so a bi tasa. A 2007 Suzanne Bell ta tattara binciken da aka yi kan ƙungiyoyi, ta ga cewa a wuraren aiki na zahiri, wajen sauƙin kai, makin mutumin da ya fi kowa ƙaranci yana da tasiri mai ƙarfi a kan aikin ƙungiya duka. Manoman Kura ba sa bukatar a fassara musu wannan. Ranar da aka kira gayyar yashe magudana da cire kacalla, mutum ɗaya da ya ƙi fitowa, kuma ya sha ruwa daidai da kowa, ya isa ya kashe gwiwar goma a gayya ta gaba.

Sai dai bai kamata a ɗora wa hali kome ba. Tun 1968 Walter Mischel ya ja hankali cewa yanayin da mutum ya sami kansa yana juya aikinsa ƙwarai. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ita da abokan aikinta sun kwatanta ayyukan ban-ruwa a ƙasar Nefal, suka tarar cewa waɗanda manoma ke gudanarwa da dokokin da suka shata da kansu sun fi na hukuma kai ruwa ƙarshen magudana, ko da yake gininsu bai kai na hukuma inganci ba. Mai amana da aka ba ƙofa ba tare da jadawali a rubuce ba, ba mai duba shi, ba kuma mai kare shi daga matsin manya, zai daɗe bai karkata ba, amma ba a ce ba zai karkata ba.

Hausawa na cewa hali zanen dutse. Binciken Brent Roberts da Wendy DelVecchio na shekarar 2000 ya gaskata rabin maganar. Daidaiton hali tsakanin awo biyu masu tazarar shekaru yana wajen 0.31 a ƙuruciya, 0.54 a shekarun jami'a, ya kai 0.74 bayan shekara 50. Zanen yana nan, amma a jikin ɗan shekara 18 dutsen bai gama ƙanƙara ba. Malamin da zai yanke wa ɗalibin sakandare hukuncin sana'a bisa gwaji guda ya kamata ya riƙe wannan lamba.

Idan ma'aunin ya tsallaka harshe

Nan ne maganar ta fi shafar ƙasar Hausa. Manyan Halaye Biyar daga ƙamusun Ingilishi aka haƙo su, kuma akasarin waɗanda aka gwada su a kansu ɗaliban jami'a ne na Turai da Amurka. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa suka fassara tambayoyin ga mutum 632 na ƙabilar Tsimane, manoma da mafarauta a Bolibiya, halayen biyar suka ƙi fitowa. Abin da ya bayyana ya fi kama da gida biyu, kyautata wa jama'a da ƙwazon aiki. A 2019 Rachid Laajaj da Karen Macours da wasu suka duba amsoshin mutane fiye da 94,000 a ƙasashe 23 masu tasowa. A inda masu ilimin boko suka cika tambayoyin da kansu ta intanet, tsarin ya fito yadda aka saba. A inda ma'aikacin bincike ya zauna gaba da gaba yana karanta wa mutum tambaya, sai tsarin ya wargaje, har ma ana iya ganin tasirin mai tambayar a cikin amsoshin.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san zaman karkara. Baƙo ya zo da takarda da biro, ya ce wa dattijo, shin yana ganin kansa mutum ne mai yafiya? Zai ce i. Can gaba ya ce, shin yana ganin kansa mai riƙo ne? Ladabi ga baƙo, ko rashin son gardama, na iya sa ya sake cewa i. Sa'an nan ga kunya. Gwajin yana bukatar mutum ya yabi kansa da bakinsa, a al'ummar da ke cewa yabon kai jahilci. Saurayin da ya sunkuyar da kai a gaban manya, ya ƙi cewa shi ne ya fi iya jagoranci, takarda za ta rubuta shi a matsayin mai noƙe-noƙe, alhali a gona shi ne wanda sa'o'insa ke saurare. An taɓa ganin irin wannan tuntuɓe a nan gida. A 1966 Robert LeVine ya buga binciken da ya auna burin cin nasara ta hanyar nazarin mafarkan 'yan makarantar sakandare Hausawa da Yarabawa da Ibo, ya sa Hausawa a baya. Amma nasarar da ma'aunin ke nema ita ce ta mutum ya yi fice shi kaɗai, kuma ba a ga gurbin fataken da suka riƙe cinikin goro da shanu daga Kano har Gwanja da Ibadan bisa amana tsakanin maigida da yaransa ba.

Abin sha'awa shi ne, dabarar Allport ta komawa ga kalmomin harshe tana da 'yar'uwa a nazarin Hausa. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene mai suna Mutumin Kirki, inda ya jera siffofi goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya ɗora wannan jeri a kan Manyan Halaye Biyar zai ga wasu sun shiga, wasu sun yi saura. Amana ta ɗan yi kusa da tsare aiki, amma ta fi shi faɗi, domin ta haɗa da abin da mutum zai yi da dukiyar wani a bayan idonsa. Kunya kuwa, wadda a nan ado ce, a can sai ta faɗa ɓangaren rauni. Adalci, wanda shi ne abu na farko da ake nema wurin mai rabon ruwa, ba shi da gida nasa. Ba banza ba wasu masana, irin su Kibeom Lee da Michael Ashton, suka ƙara hali na shida, gaskiya da tawali'u, bayan sun bi kalmomin harsuna da dama.

Afirka ta Kudu ta ɗauki matakin da ya cancanci a duba. Dokarta ta daidaito a wurin aiki ta 1998 ta hana yi wa ma'aikaci gwajin hali sai an tabbatar a kimiyyance cewa gwajin yana auna abin da ya ce yana aunawa, kuma ba ya zaluntar wani rukuni na jama'a. Daga baya masananta suka shiga gidaje suna tambayar mutane, cikin harsuna 11 na ƙasar, su siffanta iyayensu da abokansu da maƙwabtansu, suka gina ma'auni daga waɗannan kalmomi. Halayen zumunci da kyautata hulɗa sun fito da ƙarfi fiye da yadda suke a ma'aunin Turawa. Nijeriya ma ta taɓa yin makamancin wannan a fagen gwajin basira, lokacin da aka tsara gwaje-gwaje na musamman domin 'yan ƙasa a shekarun 1960, aikin da ya koma ƙarƙashin hukumar WAEC. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutum nauyin bayyana dalilinsa da tsare abin da ya tattara, amsoshin gwajin hali kuwa suna cikin irin bayanan da mai su ba zai so su yi yawo ba.

Tsohuwar hanyar zaɓe ta ƙasar Hausa, wato a tambayi wa ya san shi, wa zai tsaya masa, sa'an nan a ba shi ƙaramin aiki a gani, tana ɗauke da abu biyu da bincike ya yaba: shaidar wanda ya daɗe yana ganin mutum, da gwajin aiki na zahiri. Rauninta a fili yake, domin wanda ba shi da kowa ba ya samun mai tsaya masa, kuma ɗan'uwa ba ya faɗin aibin ɗan'uwansa. Abin da kimiyya za ta ƙara mata shi ne tsari. Kwamitin ƙungiyar manoma zai iya rubuta tambayoyi biyar ko shida daga ainihin aikin, misali abin da mai nema zai yi idan kawunsa ya roƙe shi ya buɗe masa ruwa ba ranarsa ba, a yi wa kowa su, mutum uku su ba da maki kowa shi kaɗai kafin su haɗa baki.

Shi kuwa ma'aunin hali na Hausa, ga yadda ake tabbatar da irinsa. A tara kalmomin da manoma ke siffanta juna da su, a mai da su tambayoyi, a juya rabinsu domin a kama mai cewa i ga kome. A yi wa masu riƙe ƙofofi da masu karɓar kuɗi gwajin a farkon rani, a nemi maƙwabtan gonarsu su ma su auna su, a rufe sakamakon kada kowa ya gani. Bayan rani biyu a buɗe, a kwatanta shi da abin da ba ya jin kunyar kowa: kwana nawa ruwa ya kai ƙarshen magudana, da nawa aka tara cikin kuɗin da ya kamata a tara. Lissafin ba zai tsaya da mutum 20 ko 30 ba, sai an sami ɗaruruwa, wato sai an haɗa sassan Kura da Bunkure da Garun Malam, wataƙila har da na kwarin Haɗeja da na Bakolori. Tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan a Kadawa, Jami'ar Bayero kuma tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce daga bakin magudanan.